Taskar hotunan American Air Museum da amfaninta ga mai tara hotunan jiragen yaƙi

Kasuwar tsofaffin hotunan jiragen saman da suka yi ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu cike take da kaya, musamman hotunan zane-zanen da sojojin Amurka suka riƙa yi a hancin jiragensu, amma mai saye yakan rasa inda zai je ya tabbatar da maganar dillali kafin ya zare kuɗinsa. Taskar intanet ta gidan tarihin American Air Museum, wanda ke Duxford kusa da birnin Cambridge a Ingila, ita ce mafi amfani da na sani wajen wannan aiki, kuma kyauta ake shiga. Ba ta sayar da tsofaffin hotuna, ba ta yi wa hoton kowa kuɗi, ba ta kuma ba da takardar shaidar inganci. Abin da take bayarwa shi ne dubban hotunan da aka san inda suka fito, haɗe da tarihin jiragen da na mutanen da suka yi aiki a cikinsu, ta yadda mutum zai ajiye hoton da ake tallata masa a gefensu ya ga ko maganar ta tsaya da ƙafafunta.

Gidan tarihin reshe ne na Imperial War Museums, wato cibiyar gidajen tarihin yaƙi ta Birtaniya. An buɗe shi a 1997 domin tunawa da sojojin saman Amurka kusan 30,000 da suka mutu suna tashi daga sansanonin Birtaniya, kuma a hanyar shiga ginin akwai allunan gilashi 52 da aka sassaƙa wa siffar jirage 7,031 waɗanda suka fita ba su dawo ba. Taskar intanet ɗin ta zo ne daga baya, a 2014, kuma ginshiƙinta shi ne tarin hotunan Roger Freeman, wani manomi daga Dedham a yankin Essex wanda aka haifa a 1928. Yana matashi ne Amurkawa suka cika gabashin Ingila da filayen jirage, ya riƙa zagaya su yana kallo, daga nan kuma ya shafe sauran rayuwarsa yana tattara hotuna da bayanai a kan Runduna ta Takwas ta sojojin saman Amurka, har ya fitar da littafinsa The Mighty Eighth a 1970. Ya rasu a 2005, gidan tarihin kuma ya mallaki hotunansa kimanin 15,000 a 2012.

Kasancewar mai tara hotuna ne ya gina wannan tarin, ba ma'aikatar gwamnati ba, ya ba shi wani irin amfani na musamman. A cikinsa akwai hotunan hukuma da masu ɗaukar hoto na soja suka ɗauka, akwai na kamfanonin dillancin labarai da aka raba wa jaridu, akwai kuma ƙananan hotunan da makanikai da maharba suka ɗauka da kyamarorinsu, waɗansu a karkace, waɗansu hasken rana ya cinye rabinsu. Waɗannan iri ukun su ne dai ke yawo a kasuwar gwanjo a yau, don haka wanda ya daɗe yana duba taskar idonsa yakan saba da bambancin da ke tsakaninsu tun kafin ya karanta bayanin da ke ƙasa. Akwai kuma hotuna masu launi na ainihi daga lokacin yaƙin, waɗanda suke da muhimmanci ƙwarai a yanzu da kowa ke iya shafa wa baƙi-da-fari launi da kwamfuta ya ce haka aka ɗauke shi.

An tsara taskar a kan mutane, da jirage, da rukunonin soja, da sansanoni, da hare-hare, kuma kowanne a ɗaure yake da ɗan'uwansa. Mutum zai fara da hoton hancin jirgi, ya wuce zuwa tarihin jirgin, daga can zuwa sunayen mutum goman da ke aiki a cikinsa, daga can kuma zuwa harin da aka harbo shi. Wannan sarƙa ita ce ƙarfin taskar, kuma mabuɗinta shi ne lambar jirgi. Sunan da aka rubuta a hanci ba abin dogara ba ne, domin babu wata hukuma da ta riƙa rajistar sunayen. Jirage da dama sun yi suna ɗaya a rukunoni daban-daban, ma'aikatan jirgi sukan tafi da sunan tsohon jirginsu zuwa sabo, sababbin ma'aikata kuma sukan goge sunan da suka tarar su sa nasu. Lambar da masana'anta da soja suka ba jirgi kuwa ba ta canzawa.

Yana da kyau a ga yadda wannan ke aiki a kan jirgin da kowa ya sani, wato Memphis Belle. Cikakkiyar lambarsa ita ce 41-24485, inda 41 ke nuna shekarar kasafin kuɗin da aka yi odarsa, amma a jikin wutsiya 124485 aka rubuta, saboda al'adar sojan ita ce a yar da lambar farko ta shekarar a manne ragowar. Wanda bai san wannan ba zai yi ta rubuta 124485 yana nema yana mamakin abin da ya hana shi samu. Da zarar ya mayar da lambar yadda take, zai ga cewa jirgin samfurin B-17F ne na ayari na 324 a rukuni na 91 da ke sansanin Bassingbourn, haruffan gefensa DF-A ne, matuƙinsa kuma Robert Morgan. Matar da ke hancinsa an kwaikwayo ta ne daga zanen George Petty da ya fito a mujallar Esquire a Afrilun 1941, kuma tufarta shuɗiya ce a ɓangaren hagu, ja a ɓangaren dama, abin da kan taimaka wajen gane hoton da aka wanke a juye.

Na taɓa ganin wani dillali a dandalin gwanjo yana tallata hoto mai launi a matsayin Memphis Belle na 1943, da farashin da ya dace da wannan iƙirari. Zanen hancin daidai yake, lambar wutsiya 124485 ce, haruffan gefe ma DF-A ne. Sai dai a haɓar jirgin akwai mazaunin bindigogi biyu irin na samfurin B-17G, wanda Memphis Belle na ainihi bai taɓa samu ba, kuma murfin injin ciki na ɓangaren dama yana da fenti mai gida-gida, rawaya da baƙi. Wannan jirgi Sally B ne, wanda ke zaune a Duxford ɗin har yanzu yana tashi, wanda ya fito a fim ɗin Memphis Belle na 1990 aka kuma bar masa zanen Memphis Belle a gefe guda. Hotunan Bassingbourn da ke cikin taskar suna warware irin wannan rikici cikin ɗan lokaci kaɗan. Tarko makamancinsa yana tattare da Nine-O-Nine, mai lamba 42-31909, wanda ya yi sawu 140 aka kuma farfasa shi a Kingman ta jihar Arizona bayan yaƙi. Hotunansa masu kyawun launi da ke yawo galibi na wani B-17 ne daban da aka yi wa fentinsa shekaru da yawa daga baya, wanda ya faɗi a jihar Connecticut a 2019.

Taskar tana kuma gyara labaran da dillalai ke ƙawata kayansu da su. An saba cewa Memphis Belle ne jirgi na farko da ya cika sawu 25, adadin da a lokacin yake ba ma'aikatan jirgi damar komawa gida, amma Hell's Angels na rukuni na 303 da ke Molesworth ya cika nasa a ranar 13 ga Mayun 1943, kwanaki kaɗan kafin shi, wani B-24 mai suna Hot Stuff na rukuni na 93 kuma ya riga su duka tun a watan Fabrairu. Hot Stuff ya faɗi a ƙasar Iceland a ranar 3 ga Mayun 1943 ɗauke da Janar Frank Andrews, shi ya sa sunansa bai yi tashe ba. Ga mai tara hotuna, ma'anar wannan ita ce jirgin da ya fi suna ba lallai ne hotonsa ya fi wuyar samu ba. Hotunan Memphis Belle an wanke su da yawa tun lokacin da aka zagaya da shi biranen Amurka ana tallar takardun lamunin yaƙi, alhali jirgin da ya yi sawu uku ko huɗu kafin a harbo shi mai yiwuwa hotonsa ɗaya ne tak a duniya.

Abin da ya fi burge ni a aikin masu kula da tarin Freeman shi ne yadda suka ɗauki bayan hoto da muhimmanci. A bayanan hotuna masu yawa an kwafe abin da ke bayan katin, an kuma bambanta rubutun hannu da bayanin da aka buga da tafireta aka manna, an ambaci hatimin kamfanin dillancin labarai, da hatimin ofishin tace labarai mai nuna ranar da aka amince a buga hoton, har da lambar da mai tacewa ya ba shi. Duk wanda ya karanta irin waɗannan bayanai da yawa zai koyi yadda bayan hoton jarida na gaskiya yake kasancewa: bayanin yakan ɓoye sunan sansani ya ce wani wuri a Ingila, yakan ambaci sunan soja da garinsu a Amurka domin jaridun garin su ɗauka, ranar amincewar kuma takan zo bayan ranar ɗaukar hoton, wani lokaci da makonni. Idan dillali ya nuna hoton da aka ce na jarida ne na 1943 amma bayaninsa ya fayyace sunan sansani da lambar rukuni da adadin jiragen da aka rasa a harin, akwai dalilin tsayawa a yi tambaya.

Haka nan yawan hotunan da ke ɗauke da kwanan wata yana koya wa mutum karanta shekarun jirgi daga jikinsa. Tambarin sojan saman Amurka ya sauya sau da dama: an cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraro a Mayun 1942, an ƙara fararen sanduna biyu a gefensa da jan kewaye a Yunin 1943, an mayar da kewayen shuɗi a Satumban wannan shekarar, jan layin da ke ratsa sandunan kuma sai a 1947 ya zo, don haka duk jirgin da ke ɗauke da shi bayan yaƙi aka ɗauki hotonsa. Daga tsakiyar 1943 aka fara sa manyan alamomi a wutsiya, alwatika ga sashe na ɗaya na Runduna ta Takwas, da'ira ga na biyu mai jiragen B-24, murabba'i ga na uku, da harafin rukuni a tsakiya: A cikin alwatika na rukuni na 91 ne, C cikin alwatika na 303, D cikin murabba'i kuma na rukuni na 100 da ke Thorpe Abbotts. Jiragen da ba a yi wa koren fenti ba, masu ƙyallin alminiyam, a farkon 1944 suka fara isa Ingila. Taskar ba ta tattara waɗannan ƙa'idoji a wuri guda ta miƙa wa baƙo ba, sai dai ya shigo da su ko ya tsinto su da kansa, amma hujjojin gwada su suna nan birjik.

Game da zanen kansa, taskar ta fi ƙarfi wajen nuna shi fiye da bayyana wanda ya yi shi. An san kofur Tony Starcer na rukuni na 91, wanda ya zana hancin jirage sama da 100, an kuma san cewa yawancin siffofin an kwaikwayo su ne daga zanen mata da Alberto Vargas da George Petty suka yi a Esquire, ko daga zanen barkwanci na jaridu da na kamfanin Disney. Amma mafi yawan masu zanen makanikai ne da ƙananan sojojin da ba su sa hannu a aikinsu ba, kuma da yake ba a gina taskar a kan masu zane ko nau'in zane ba, wanda yake son ya tara aikin mutum ɗaya sai ya bi jirgi bayan jirgi. Al'adar tana da kama da ta masu fentin manyan motocin katako a ƙasar Hausa, inda kowa ya san motar da kirarin da ke goshinta amma da wuya a tuna wanda ya riƙe burushin. Darajar hotunan tana ƙaruwa idan aka tuna cewa kusan dukkan zanen ya narke tare da jiragen. Daga cikin ɗan abin da ya tsira akwai ɓangarori sama da 30 da aka yanke daga hancin jirage a Walnut Ridge ta jihar Arkansas kafin a narkar da su, waɗanda ke hannun ƙungiyar Commemorative Air Force.

Babban rauninta ya fito ne daga wurin da ƙarfinta ya fito. An buɗe ta ga jama'a, duk wanda ya yi rajista yana iya ƙara hoto ko gyara bayani, kuma ta wannan hanya ce 'ya'ya da jikokin tsofaffin sojoji suka zuba hotunan da ba a taɓa gani ba a ko'ina. To amma jika yakan rubuta abin da ya ji a gida, ya haɗa kakansa da jirgin da ya ɗauki hoto a gabansa ko da bai taɓa tashi a cikinsa ba, domin sojoji sun saba tsayawa a gaban jirgin da zanensa ya fi kyau. Mutum ɗaya yakan bayyana sau biyu da bambancin harafi a sunansa, ingancin bayani kuma ya dogara ga ko rukunin yana da masu bincike masu himma a bayansa. Abin yabawa shi ne ana nuna tarihin gyare-gyare da inda aka ce an samo bayani, don haka mai hankali zai iya rarrabe abin da ya fito daga takardun soja da abin da ya fito daga tunanin iyali. Ni dai ina ɗaukar bayanin da aka kwafe daga bayan hoto da wanda aka jingina ga rahoton ɓatan jirgi a matsayin hujja, sauran kuma a matsayin hanyar da za a bi a bincika.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rikita baƙo. Tarihin jiragen B-17 da yawa an ɗauko shi ne daga kundin Dave Osborne, wanda aka rubuta a dunƙule da gajerun haruffa, kuma yana bin tsarin Birtaniya na fara kwanan wata da rana sannan wata, alhali sojan Amurka da ya yi rubutu a bayan hotonsa da wata yake farawa. Saboda haka 4/3/44 a taskar yana nufin 4 ga Maris, a hannun Ba'amurke kuma 3 ga Afrilu, kuma wannan tazarar ta wata guda tana iya zama bambanci tsakanin jirgin da ke raye da wanda ya riga ya faɗi a Jamus. Komai a cikin taskar da Turanci yake, har da kalmomin soja na wancan zamani, don haka sabon shiga yana buƙatar haƙuri.

Ta fuskar ingancin hoto, girman da ake nunawa ya isa a karanta lambar wutsiya da ƙirga bama-baman da aka zana a hanci a yawancin lokuta, amma bai kai na wanke babban hoton bango ba. Imperial War Museums tana da lasisin da ya yarda a yi amfani da hotunanta a abin da ba na kasuwanci ba muddin an ambaci tushe, wanda kuma yake son babban kwafi ko bugawa a littafi sai ya nemi izini ya biya. Ya kamata a sani cewa hotunan da ma'aikatan gwamnatin Amurka suka ɗauka a bakin aikinsu ba su da haƙƙin mallaka a dokar ƙasar, kuma da yawansu suna cikin ma'ajiyar tarihin ƙasar a jerin 342-FH. A nan ne ma ake gane cewa wani kaso mai yawa na abin da ake sayarwa da sunan hoton tarihi sabon kwafi ne na hoton da kowa zai iya samu kyauta.

Dole a faɗa wa mai karatu cewa kaso mai tsoka na zanen hancin jirage hotunan mata ne cikin tufafin da ba su rufe jiki ba, waɗansu ma babu tufafin sam, kuma taskar tana nuna su yadda suke ba tare da ta rufe komai ba, kamar yadda ya dace da ma'ajiyar tarihi. Ko a wancan zamani abin ya jawo ce-ce-ku-ce, har hukumar gidan waya ta Amurka ta nemi janye wa Esquire rangwamen aika mujalla a 1943, shari'ar da sai a 1946 Kotun Ƙoli ta yanke ta goyi bayan mujallar. Wanda ba ya son irin wannan yana da fage mai faɗi a zanen dabbobi da na barkwanci, da sunayen garuruwa da na iyaye mata, da kuma jiragen B-24 da aka yi wa fenti mai ɗige-ɗige da ratsi-ratsi domin sauran jirage su gan su su jeru a bayansu kafin a nufi Turai.

Haka kuma taskar wurin tunawa da sojojin Amurka ce, kuma da idonsu take kallon yaƙin. Asarar da suka yi gaskiya ce mai nauyi, domin a harin biranen Schweinfurt da Regensburg na Jamus a ranar 17 ga Agustan 1943 kaɗai an rasa jirage 60, kowanne da mutum goma, aka kuma sake rasa wasu 60 a Schweinfurt ranar 14 ga Oktoba. Amma kowane ƙaramin bam da aka zana a hancin jirgi yana wakiltar wani gari ne da aka jefa wa na gaske, kuma mutanen Hamburg da na Rouen ba su da gurbi a wannan tsari. Alamun da ke nuna jiragen Jamus da aka harbo su ma iƙirarin maharba ne, ba ƙidayar da aka tantance ba. A harin birnin Lille na Faransa a ranar 9 ga Oktoban 1942 an yi iƙirarin harbo sama da 50, alhali bayanan Jamusawa sun nuna asarar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Mai tara hotuna da ke rubuta bayani a ƙarƙashin kayansa ya kamata ya rubuta waɗannan alamomi a matsayin iƙirari.

Akwai iyakar da babu wata taskar intanet da za ta iya tsallakewa, wato katin da aka wanke hoton a kai. Taskar za ta tabbatar da cewa jirgin gaskiya ne, sansanin gaskiya ne, amma ba za ta faɗa ko katin da ke hannun dillali na 1944 ne ko na bara ba. Wannan sai an duba da ido da hannu. Katin lokacin yaƙi takarda ce zalla wadda takan ɗan lanƙwashe, bayanta kuma yana karɓar fensir, alhali kati mai santsin roba a baya sai a ƙarshen shekarun 1960 ya shigo. Sinadarin da ke ƙara wa takarda fari kuma a shekarun 1950 aka fara zuba shi a katin hoto, don haka fitilar nan da ake gane jabun kuɗi da ita tana da amfani a nan: katin da ya yi walƙiya shuɗiya-shuɗiya a ƙarƙashinta kusan tabbas bayan yaƙi aka yi shi, ko da yake rashin walƙiyar shi kaɗai bai isa hujjar tsufa ba. Gilashin ƙara girma zai nuna ɗige-ɗigen tawada idan na'urar buga takarda ce ta fitar da hoton. Wanda zai saya daga nesa ya nemi a turo masa hoton bayan katin gaba ɗaya har da gefunansa, dillalin da ya ƙi kuwa a bar masa kayansa. Idan hoto ya iso hannu a ƙasashenmu, kada a kuskura a kai shi a manne masa leda da na'ura kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, domin hakan ba ya warwaruwa kuma yana kashe darajarsa. Rigar hoto marar sinadari da akwatin da laimar damina da ƙurar hunturu da gara ba sa shiga sun wadatar.

Iyaka ta ƙarshe ita ce ta fage. Taskar ta Amurkawan da suka yi aiki daga Birtaniya ce, don haka mai neman jiragen Lancaster da Halifax na sojan saman Birtaniya sai ya koma babban tarin Imperial War Museums ko taskar International Bomber Command Centre da ke Lincoln, mai neman jiragen tekun Pasifik irin su Enola Gay kuma ya nufi ma'ajiyoyin Amurka. Afirka takan shigo ne ta gefe, misali lokacin da aka ari rukunoni na 44 da 93 da 389 aka kai su Benghazi domin harin matatun man Ploesti ta ƙasar Romaniya a ranar 1 ga Agustan 1943. Wannan gibi ya fi shafar mai tara hotuna daga yankinmu, domin jiragen yaƙi sun ratsa ta kanmu da yawa. Daga Satumban 1940 sojan saman Birtaniya ya riƙa harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau, yana tura su ta Legas da Kano da Maiduguri da El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum da Alƙahira, sau da yawa jirgin Blenheim yana jagorantar ƙananan jiragen Hurricane. Daga ƙarshen 1941 kuma Amurkawa suka bi sahu, suna tsallako tekun Atlantika daga Natal ta Brazil zuwa Accra, sannan su bi ta Kano su nufi Gabas ta Tsakiya da Indiya. Jiragen Runduna ta Takwas ba wannan hanya suka saba bi ba, ta arewacin Atlantika suke zuwa Ingila, da sanyi kuma ta Dakar da Marrakesh, shi ya sa wannan taska ba wurin neman hoton B-24 a filin jirgin Kano ba ce. Wanda aka tallata wa hoto mai rubutun Kano ko Maiduguri a bayansa sai ya ɗauki lambar wutsiyar ya nemi katin tarihin jirgin a hukumar binciken tarihin sojan saman Amurka da ke sansanin Maxwell a jihar Alabama, ya duba ko lokacin da jirgin ya bar Amurka da fagen yaƙin da aka tura shi sun dace da wannan hanya.